Gindin Ɗurumi: Yadda Wata Unguwa a Katsina Ta Rasa Dandalin Wasanta

Idan ka tsaya a bakin lungunmu yau, jerin shaguna za ka gani, na bulo masu ƙofofin ƙarfe: mai cajin waya, tela, mai siminti, sai kemis a kusurwa. Yaron da aka haifa bayan shekarar 2000 zai iya rantse maka cewa haka wurin yake tun fil'azal. Alhali daidai inda mai siminti yake jibge buhunansa, nan ɗurumin yake, kuma a gindin ɗurumin nan ne unguwarmu ta yi shekara da shekaru tana da gidan wasanta. Ba rufi, ba kujeru, ba tagar sayar da tikiti. Dandali ne kawai. Amma duk abin da ake nema a gidan wasa akwai shi a wurin: 'yan wasa, 'yan kallo, lokacin da kowa ya sani, da wasannin da har yau idan tsofaffi biyu suka haɗu a wurin ɗaurin aure sai ɗaya ya tuna wa ɗaya, su yi ta dariya har da hawaye.

Ba zan kama sunan unguwar ba, domin waɗanda abin ya shafa wasunsu suna raye, 'ya'yansu kuma maƙwabtanmu ne, sahu ɗaya muke tsayawa a masallaci. Ya isa in ce cikin ganuwa take, kuma daga kan soron gidan kakana ana hango hasumiyar Gobarau. Abin da na rubuta a nan, wani da idona na gani ina yaro, wani kuma daga bakin kawuna na ji, ƙanen mahaifiyata, wanda ya riƙe ƙungiyar wasan unguwar har ta watse, da abokansa biyu da suka rage.

Filin kowa

Filin ba wani babba ba ne, da ƙyar zai kai rabin filin ƙwallo. Ta gabas katangar gidan mai unguwa ce ta tokare shi, doguwa, ta jar ƙasa, an yi mata yaɓe da makuba. Ta yamma kududdufi ne, inda kakanni suka haƙi ƙasar da suka gina gidajen unguwar. Ƙasar ta yi ɗan tudu a jikin katangar, sannan ta gangara zuwa kududdufi, saboda haka mai wasa yana sama, 'yan kallo suna ƙasa, na can baya ma yana gani. Katangar kuma tana dawo da murya, ko yaro ne ya yi magana a gindinta sai a ji shi a bakin ruwa. Babu wanda ya zauna ya tsara wannan, haka Allah ya yi wurin.

Da rana awaki ne da masu dara da wanzami a inuwa. Da la'asar samari su yi langa ko kokawa. Idan farin wata ya fito, 'yan mata su cika shi da gaɗa.

Da ka tambayi kowa a lokacin, filin wane ne, amsa ɗaya za ka ji: “Hilin unguwa ne.” Mai unguwa ke lura da shi, sama da shi akwai Magajin Gari, hakimin cikin birni, sama da shi kuma Sarki. Babu takarda ko ɗaya. Abin da ya hana a gina shi kunya ce, domin duk wanda ya kai tubali wurin, sai ya rasa idon da zai kalli maƙwabta da shi. Wannan shinge na kunya ya daɗe yana aiki, kuma shi ne daga baya aka tsallake.

Abin da aka tarar

Ba Turawa ne suka koya wa Bahaushe kwaikwayo ba. Daga daren goma ga watan azumi, tashe yake fitowa, kuma a unguwarmu duk tawagar da ta gama zagaye gidaje, a gindin ɗurumi take ƙarewa, a nan ake gane wa ya fi iyawa. Tsoho da Gemu, Jatau Mai Magani, Macukule, sai 'yan mata da nasu Mairama da Daudu. Wanda ya fi kama raina ina yaro shi ne na malamin da ake tuhumarsa da rawa. Yaro ne zai sha rawani, ya manna gemun auduga, ya rataya allo, yana musun cewa shi malami ne ba ya rawa, 'yan amshi suna nanata masa cewa ya yi. Musu ya yi musu, har ya ce bari ya nuna musu irin abin da bai yi ba, sai ya ɓarke da rawar, gemu yana lilo. Malaman unguwa suna zaune a kan buzunsu bayan asham, su ne kan gaba wajen dariya, su ne kuma ke fara miƙa sadaka.

'Yan kama ma suna yada zango a wurin. Su zo da shigar malamai, ɗaya ya gyara murya kamar zai ja baƙi, sai ka ji ashe tuwo da miyar kuka ake yi wa sharhi. A gidajen sarauta kuwa akwai wasan gauta, inda matan cikin gida suke yin shigar sarki da hakimansa, su kwaikwayi tafiyarsu da maganarsu da yadda suke yanke hukunci, mai gidan yana kallo. A ƙauyuka akwai kalankuwa bayan kaka, samari su naɗa nasu sarkin da alƙali da 'yan doka, su yi kwanaki suna mulkin wasa.

Duk waɗannan zare ɗaya ya ɗinke su. Mu mutane ne da yaro ba ya duban babba ya ce ka yi kuskure. Talaka ba ya cewa basarake gyara. To amma kuskuren yana nan, kuma dole a sami hanyar faɗarsa. Wasa shi ne ƙofar da al'ada ta bari a buɗe: a cikinsa ana yi wa babba hannunka mai sanda, ya gane, ya yi dariya, mutuncinsa bai zube ba, na mai faɗa ma bai zube ba.

Zuwan dirama

Wasan da ake shiryawa fitowa-fitowa, da labule da rabon matsayi, wanda muke kira dirama, ta makarantun boko ya shigo. Katsina kuwa garin makaranta ne tun da wuri. A nan aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, inda su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello da Abubakar Imam suka yi karatu, kafin a mayar da ita Kaduna a 1938. Ginin yana nan, shi ne gidan adana kayan tarihi a yanzu. A shekarun 1930 wani Bature jami'in ilmi, R. M. East, ya fitar da wasanni shida na Hausa domin 'yan makaranta, daga nan 'yan ƙasa suka karɓa. Da aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962, sai dirama ta sami sabon gida, har aka kai zamanin su Usman Baba Pategi, wato Samanja, da Ƙasimu Yero, da namu na gida, Umaru Ɗanjuma Katsina, wanda kowa ya fi sani da Kasagi, marubucin Kulɓa Na Ɓarna da aka buga a 1979. Ganin Bakatsine a cikin akwatin talabijin ba ƙaramin zuga samarinmu ya yi ba.

Ƙungiyar unguwarmu ta tashi ne daidai lokacin da shirin ba da ilmin firamare kyauta na 1976 ya cika gari da matasan malaman makaranta. Kawu yana cikinsu. Ya tara abokai: malamai biyu, tela, ɗan koyon kanikanci, wani mai sayar da goro, da wani almajiri babba da ya sauke, wanda ya fi kowa iya fitowa a alƙali domin ya san yadda ake jan magana.

Ranar wasa, tun la'asar ake kewaye filin da zana, a bar ƙofa ɗaya. Manya sule, yara sisi, wanda ba shi da ko kwabo kuma ya hau ɗurumi ko ya jira a yi rabi a ɗage zana. Benci daga makarantar firamare ake aro, na dattawa, sauran jama'a kowa da tabarmarsa. Mata ɓangarensu daban, ta wajen zauren mai unguwa, an ja igiya. Labule zannuwa ne da tela ya haɗe. Fitilar gas biyu a rataye a reshe, idan ɗaya ta fara ja sai yaro ya hau ya yi mata famfo, wasa yana ci gaba. Furfura da toka ake yi, gashin baki da gawayi, tumbin alhaji da matashin kai, alkyabba da bargo. Mace ba ta fitowa, saurayi ne ke ɗaura zane ya kafa ɗankwali. A bakin zana masu rake da gyaɗa da dakuwa da ƙosai sun kasa kaya, kowace da aci-balbal a gabanta. Abin da aka tara a ƙofa, a cire na kananzir da hayar lasifika, saura a ajiye wa gyaran maƙabarta ko likkafanin wanda ya rasu ba shi da kowa.

Ba sa rubuta magana. Kawu yana da littafin rubutu irin na 'yan makaranta, a ciki zai zana ƙashin labarin kawai, fitowa ta ɗaya kaza, ta biyu kaza. Sauran kowa daga kansa yake zubowa. Wannan ne ya sa wasan yake da rai, domin abin da ya faru a kasuwa da safe yana iya shigowa da dare. Shi ne kuma ya sa da bakunan suka yi shiru, sai maganar ta tafi tare da su.

Dare biyu

Na farko ban gan shi ba, ina goye a lokacin, amma na ji shi daga bakuna da yawa, kuma ba su saɓa ba.

Rariyar gidan mai unguwa ce ta toshe, ruwan wanke-wanke yana malalowa cikin lungu, ya kwanta, sauro ya yi gida. Watanni ana tsallake, masu zuwa masallaci da asuba suna tattare riga, amma wa zai faɗa? Sai ƙungiya ta shirya wasan wani dagaci da yake zagayawa tare da duba-gari, yana cin tarar duk gidan da aka sami ƙazanta, alhali sai an ɗauke shi a kafaɗa ake tsallakar da shi kwatar ƙofar gidansa. Mai goro ne ya fito a dagacin. Shi kuwa mai unguwarmu yana da wata ɗabi'a: kafin ya yi magana sai ya yi gyaran murya sau biyu, ya taɓa rawani da hannun hagu, ya ce “To, to, to.” Ba a shirya da wannan ba. Mai goro ya zo yanke tara, sai kawai ya yi gyaran murya sau biyu, ya kai hannun hagu ga rawani.

Kawu ya ce bai taɓa jin shiru irin na wannan lokaci ba, har ƙarar fitilar gas ana ji. Babu wanda ya kalli dandamali, kowa ta wutsiyar ido yake satar kallon kujerar mai unguwa. Dattijon ya ɗan jima bai motsa ba. Can sai kafaɗunsa suka fara girgiza, ya ja gefen rawani ya rufe baki, dariya ta ci ƙarfinsa. Sannan ne jama'a suka saki tasu. Da aka tashi ya sa aka kira mai goro, ya zo ya durƙusa, jiki yana ɓari.

“Ranka ya daɗe, tuba nake.”

“Tuban mi? Ai ka iya. Amma ni ba ni da tumbi haka.”

Ya ciro kuɗi a aljihu ya ba shi. Bai ambaci rariya ba, babu kuma wanda ya ambata. Kafin Juma'a ta zagayo, leburori sun zo da diga da shebur.

Na biyu kuwa ina wurin, a zaune a gaban igiyar mata, kusa da ƙafar innata. Wasan auren dole ne. Uba ya karɓi kuɗin wani attajiri, 'yar tana son wani ɗan makaranta. Tela ne ya fito a yarinyar, kuma Allah ya ba shi murya, idan ya yi kuka sai ka manta da gemun da ya aske da yamma. Kawu ne uban. An zo wurin da yarinyar ta kama ƙafar uban tana roƙo, shi kuma ya fizge, ya ɗaga sanda, ya rantse ko gawarta ce sai an kai ɗakin. Sai ga wata goggo, tsohuwa ce da ke sayar da daddawa a lungun bayanmu, mai kawaici, wadda ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. Ta ɗaga igiya ta shigo fili, mafici a hannu, ta nufi Kawu ta shiga ɗirka masa.

“Kai, ka ji tsoron Allah! Ɗiyar taka ce ko akuya? Akuya ce da za ka kai kasuwa?”

An fara dariya. Kawu bai fita daga wasan ba. Ya kare kai da hannu ya ce, “Goggo, ke mi naki a ciki? Ɗiyata ce, ni na haife ta.” Nan ta tsaya, tana haki, ta ce, “Haka nawa uban ya ce.” Ta sake cewa, a hankali, “Haka ya ce.”

Dariyar ta ɗauke. Na ji hannun Inna ya matse kafaɗata. Tela, yana durƙushe cikin zane, ya rarrafo ya kama ƙafar goggo maimakon ta uban, ita kuma ta dafa kansa kamar 'yarta ce. A shirin da aka yi, sai an kai gaban alƙali uban zai sauko. A daren nan ba a kai ba. Kawu ya yar da sanda ya ce ya fasa, aka ja labule. Mata biyu suka kama goggo suka raka ta gida. Na girma kafin in ji labarin yadda aka yi mata aure tana ƙarama, da irin zaman da ta yi, abin da duk tsofaffin unguwa suka sani amma ba a taɓa furtawa a fili ba sai a wannan dare. Kawu yana cewa ya san gida aƙalla ɗaya da aka mayar da kayan sa-rana a makon.

Yadda filin ya tafi

Idan ka tambayi mutanen unguwa me ya kashe dandali, yawanci abu biyu suke cewa: bidiyo da wa'azi. Duka biyun sun taɓa shi. Bayan da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗinta na bidiyo a Kano a 1990, harkar ta bunƙasa cikin 'yan shekaru, kaset ya shiga ɗakunan mata, wadda da sai ta nemi izini ta fita kallo, yanzu kallo ya same ta a kan gado. Samari masu hazaƙa kuma hankalinsu ya koma Kano. Wa'azi a kan cakuɗuwar maza da mata da fitar dare ya ƙaru, kuma bayan da jihar ta ƙaddamar da shari'a a 2000 mutane suka ƙara taka-tsantsan da duk wani taron dare. Kafin wannan ma, matsin tattalin arzikin da ya biyo bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya tarwatsa 'yan ƙungiya: albashin malami ya daina kai wata, kanike ya tafi Kaduna, mai goro ya koma fatauci ta Jibiya.

Amma ni ban yarda waɗannan ne suka kashe shi ba. Sinima da finafinan Indiya sun daɗe a gari dandali yana cika. Talabijin ya zo, maimakon ya rage masa jama'a sai ya ƙara wa 'yan wasa dabara. Ƙorafin malamai kuma ba sabo ba ne, an daɗe da samun maslaha a kansa: igiya a tsakani, a fara bayan isha, a tashi da wuri, ba kiɗan banza. Tashe ma ai bai mutu ba. Abin da ya faru shi ne ƙasar da ake tsayawa a kai ita aka janye.

A 1976 aka yi wa ƙananan hukumomi garambawul, aka rushe tsarin En'e, wato hukumar gargajiya da sarakuna ke jagoranta, ikon sarakuna da hakimai da masu unguwanni a kan al'amuran yau da kullum ya ragu ƙwarai. A 1978 gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa dokar amfani da ƙasa, wadda ta danƙa dukkan filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana, a birane kuma shi ke ba da takardar izinin mallaka. Tun daga nan maganar “hilin unguwa ne” ta zama magana ce kawai ta baki. Ba a ji a jiki ba da farko, domin Katsina tana ƙarƙashin jihar Kaduna, fili bai yi tsada ba. Sai ranar 23 ga Satumba 1987, Janar Babangida ya ƙirƙiro jihar Katsina. Mun yi murna, kuma murnar tana kan hanya. Ma'aikata suka dawo daga Kaduna da iyalansu, kuɗin haya ya tashi, duk wani taƙi da ke bakin hanya ya zama dukiya.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Farko wani ne ya roƙi a bar shi ya ajiye tebur a gefe, yana sayar da sabulu da ashana. Tebur ya zama kes na katako, kes ya sami daɓen siminti. Kududdufi aka yi ta zuba masa shara har ya cike, wata rana aka wayi gari an kafa harsashi a kai, ruwan damina kuma ya rasa wurin zuwa sai cikin filin. Mai unguwa ya rasu, aka raba gado, magada suka fasa katangar nan mai dawo da murya suka fitar da shaguna, kuma haƙƙinsu ne, katangarsu ce. Sai dai bangon dandamali ya zama ƙofofin kasuwanci, ba dama a rataya labule a gaban shagon mutum. Ɗurumi aka ce saiwarsa tana fasa gini, rassansa suna taɓa wayar lantarki. Kwana biyu masu gatari suka yi a kansa. Abin da ya rage na tsakiya, wata safiya aka ga safiyo da ma'auninsa, yana kafa duwatsun iyaka, wani mutum yana tsaye da fayil a hammata.

Kawu da abokansa biyu sun je wani ofishi kai kuka. Ya ce an karɓe su da mutunci, an ba su wurin zama, jami'in ya saurare su har ƙarshe, sannan ya yi tambaya ɗaya: “Malam, ina takardarku?” Babu. Filin ba shi da takarda, ƙungiyar ma ba ta da rajista. Ya ce to ku kawo wasiƙa da sa hannun dattawan unguwa cewa wurin na amfanin jama'a ne, a duba.

A nan ne abin ya fi yi mini ciwo, kuma a nan nake ganin asalin mutuwar take. Kawu ya bi gida-gida da takarda. Mutanen da suka yi shekaru suna zama a bencin gaba, waɗanda suka yi dariya har rawani ya kwance, ɗaya bayan ɗaya suka zame. Wani ya ce sai ya yi shawara. Wani ya ce mai fayil ɗin surukin wane ne, ba ya son rigima. Wani dattijo da Kawu yake ganin girmansa ya faɗa masa gaskiyar da sauran suka ɓoye: “Malam, da masallaci ne ko makarantar allo, ni zan fara sa hannu. Amma a ce da furfurata na tsaya wa hilin wasa?” Ashe abin da ake so da dare, ana jin kunyarsa da rana. Mun ɗauki wasa a matsayin shashanci ko da muna cin amfaninsa, mun bar ɗan wasa a layin maroƙa da 'yan kama, a yi masa kyauta a yi dariya, amma ba a ba shi 'ya ba, ba a kuma tsaya masa a gaban hukuma ba. Kunyar da ta tsare filin shekara da shekaru, ita ce ta hana a fito a kare shi.

Ba na zargin masu shagunan. Tela da mai cajin waya iyali suke ciyarwa, gari kuma yana bukatar shaguna. Mai fayil ma, iyakar abin da aka gani, ta ƙofar da doka ta buɗe ya shiga. Abin da nake cewa shi ne an yi ciniki ba a san abin da aka sayar ba. Ban da kallo, fim ba ya iya abin da dandali yake yi. Alhajin cikin fim alhajin ko'ina ne, kowa zai ce da wani ake. A gindin ɗurumi kuwa wanda ake nufi yana zaune a benci, maƙwabtansa suna kewaye da shi, kuma dole ya zaɓa a gaban kowa, ko ya yi dariya ya gyara, ko ya yi fushi ya tona kansa. Barkwancin da samarinmu suke ɗorawa a TikTok da Facebook yanzu, wasu akwai basira ƙwarai a ciki, jikokin mai goro ne a wajen iya kwaikwayo. Amma kowa shi kaɗai yake dariyarsa da waya a tafin hannu, kuma babu igiyar da tsohuwa za ta ɗaga ta shigo. Rariyoyin lungunmu a toshe suke a daminar bana, an yi ta rubutu a zauren WhatsApp na unguwa, wanda ake nufi ya fice daga zauren.

Abin da ke cikin adaka

A azumin da ya wuce na je gaida Kawu bayan shan ruwa. Idanunsa sun yi rauni, amma da na ɗauko zancen sai ya sa jikarsa ta jawo wata tsohuwar adaka daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai rawanin da asu ya ci, da gilashin fitilar gas naɗe a tsumma, da gemun auduga da ya koma ruwan ƙasa, sai littattafan rubutu guda uku. Ya ce in nemo wasan auren dole in karanta masa. Na yi ta buɗawa har na samu. Wurin da goggo ta shigo, wurin da unguwa guda ta yi tsit, ga abin da aka rubuta da jar biro: “Fitowa ta huɗu. Yarinya ta roƙi uba. Uba ya ƙi.”

Na ce, “Kawu, shi ke nan?”

Ya ce, “Shi ke nan, ɗana. Saura yana nan,” ya nuna ƙirjinsa. Na kunna wayata na ajiye a kan tabarma, ya fara daga fitowa ta ɗaya, yana yin muryar uba, ya juya ya yi ta yarinya, ya yi ta attajiri. Da ya zo kan tela sai ya dakata ya yi masa addu'a, domin ya rasu, haka mai goro. Mun yi dare uku muna ɗauka, mun sami wasa biyar, na shida ya kama farkonsa ya rasa ƙarshen, ya ce in je wurin almajirin nan da yake fitowa a alƙali, yana nan da ransa wajen Ƙofar Marusa, shi zai tuna.

A dare na uku, ina fitowa, na ci karo da 'yan tashe a bakin lungu. Su biyar ne, ɗaya da rawanin ɗankwalin uwarsa da gemun auduga, yana dogara sanda. Sun tsaya a ƙarƙashin ƙwan lantarkin mai cajin waya, a ɗan taƙin da ke tsakanin shago da kwalta, sun fara ke nan sai mai Keke Napep ya danno ham. Suka matsa jikin ƙofar mai siminti ya wuce, suka dawo suka ɗora daga inda suka tsaya. Na ba su abin da ke aljihuna, na tambayi mai gemun ko ɗan gidan wa ne. Ya faɗa mini. Jikan tela ne.